Gwaggo da Tukunyar Inna Kulu

Ranar kasuwar da ta wuce wasu samari biyu suka zauna a rumfata suna jiran in liƙe musu salansar babur. Na farko ya ce wa ɗan'uwansa, da murya yadda zan ji, wai walda ba sana'a ba ce, dangwale ce kawai. Ka dangwala tsinke a ƙarfe, wuta ta yi tartsatsi, ka miƙa hannu. Na biyun ya nuna injina da haɓa, ya ce wannan ma da aka mai da shi mai shan gas ya ga yadda ake yi a waya, kafin shayi ya huce an gama.

Ban tanka musu ba, don ba a yi wa mai kawo aiki gardama sai ya tafi. Yanzu da suka tafi na ɗauki biro. Karatuna aji huɗu ne na firamare, na huɗun ma ban ƙarasa ba, malamin ne ya riga ni gajiya. Saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, na fi sabawa da miƙar da ƙarfe.

Sunana Ummaru, a Bukkuyum rumfata take, kuma ni ɗan maƙera ne. Ubana da zuga-zugi da gawayi ya ciyar da mu. Ni ne na farko a gidanmu da ya bar gawayi ya koma wutar inji, har ya rasu yana kiran sana'ata ƙirar malalata.

Aikin farko da aka bar ni na taɓa da hannuna shi ne ƙarfen da ke riƙe tayoyin amalanken jaki. A Gummi ne, wurin ubangidana marigayi Mamman Dogo. Kafin wannan rana na daɗe aikina ɗauko wannan, riƙe wancan, da ƙwanƙwasa ɓawon walda da ƙaramar guduma. Da ya miƙo mini mariƙin tsinke sai ya juya mini baya, ya zauna yana ɓare gyaɗa. Na ɗauka raini ne. Ashe da kunne yake kallona. Walda mai kyau ƙararta kamar ta ƙosai a cikin mai take, tana soyuwa ba yankewa. In ka nisanta tsinke sai ta yi huci tana watsa wuta banza, in ka matsa da yawa sai tsinken ya liƙe, ka yi ta kokawa da shi kamar mai cire ƙaya. Na gama, na share zufa, na tsaya ina jiran yabo. Ya taso, bai ko duba ba, ya sa ƙafa ya taka. Ƙarfe ya rabu biyu. Ya ce tun daga inda yake zaune ya ji na yi wa ƙarfen shafe ne, ban shiga cikinsa ba. Ya koma kan gyaɗarsa.

A ranar kuma na koyi abin da gilashin fuska yake yi, don na riƙa ɗaga shi ina leƙen aikina. Washegari na tashi idanu kamar an zuba mini yashin gulbi, hawaye har gemu, da yake lokacin ma gemun bai fito ba sai ya wuce ƙirji. Wannan ba ya cikin waya.

Injin da kuke gani a Anka na saye shi, lokacin da zinariya ta tara duniya a Bagega. Injinan niƙan dutse ba sa kwana biyu ba su tsage ba, mai walda kuwa ya zama kamar likita, ana zuwa ɗaukarsa da babur. Da ciwon dalma ya shiga yara aka gane daga ƙurar niƙan nan ne, sai aikin ya fita raina, na ɗora injina a mota na dawo gida na koma kan garma da ƙofa da amalanke. Inji ne mai shan fetur, shi ke ba da wutar walda da kansa, don wanda ya jira wutar gwamnati a garinmu zai tsufa bai liƙe ko cokali ba. Na sa mata suna Gwaggo, saboda ba ta magana sai ta yi tari tukuna, kuma in ka ja igiyarta ba ladabi sai ta fizge maka kafaɗa.

To, sai shekarar wahala ta zo. Saboda halin da daji ke ciki hukuma ta hana sayar da mai a jarka. Babur ya je gidan mai da ƙafarsa, mota ta je da ƙafarta, Gwaggo fa? Na ɗora ta a baro na tura har gidan mai, na shiga layin babura, mutane na ta yi mini sannu da direba. Da layi ya zo kaina mai famfo ya ce doka ta ce abin hawa kawai. Na nuna masa, na ce ga taya, ga inji, ga matuƙi, me ya rage? Ya ce lamba. Na turo abata muka dawo.

Dabarar da ta rage ita ce a sha ɗan abin da aka yarda a zuba wa babur, a zo gida a sa tiyo a tanki a tsotso. Haka na yi ta yi har bakina ya daina bambance miyar kuka da ta kuɓewa. Ana cikin haka azumi ya kama, a tsakiyar bazara. Na je na tambayi limaminmu hukuncin tsotson fetur da rana. Ya ce in bai wuce maƙogwaro ba babu komai, amma shi dai bai taɓa ganin fetur mai tsayawa inda aka ce ya tsaya ba.

Nan ne Dauda ya shigo labarin. Dauda Badakkare ne daga wajen Zuru, bakaniken janareto, rumfarsa na kallon tawa. Wanda bai san tsakanin Bazamfare da Badakkare ba, wasa ne tun na kakanni. Kullum da safe sai na tambaye shi ko ya zo gaishe da ubangidansa ne, shi kuma ya ce ya zo duba ko baransa ya kwana lafiya. Da yake shi Kirista ne ba ya azumi, sai na naɗa shi sarautar Sarkin Tsotso, ba tare da na nemi shawararsa ba. Ya riƙe sarautar na ɗan lokaci, sannan wata safiya ya ajiye tiyo a gabana.

"Ummaru, na yi murabus. Bakina ba gidan mai ba na. Matata ta ce ko ashana ba a ƙyastawa kusa da ni yanzu."

Ko da bai yi murabus ba, abin da muke tsotsowa ba ya kai ko'ina. Ga shi kuwa a bayan rumfata an jibge garemanin shanu na ƙauye guda. Sarkin Noma Garba ne ya kawo su, daga wani ƙauye da ke gabas da mu. Dattijo ne marar yawan magana, shi ke tattara garemanin mutanensa duk shekara kafin damina ya kawo mini. Wata bakinta ya cinye, wata hannunta ya tsage, wata ƙarfen tayarta ya karye. Manomin da ruwan farko ya sauka garmarsa na wurin mai walda ya san abin da ya same shi, don huɗa ba ta jiran kowa. Da ya ga Gwaggo a kwance ya ce mini in hadari ya fara haɗuwa ban gama ba, dole su kwashe su kai Gummi. A shekarar nan kuwa motoci sun rage bin hanyar, sai dai a ɗora a amalanke, shanun huɗar da kansu su ja. Kowa ya san abin da ke samun shanu a wannan hanya, da wanda ke korar su. Na ce masa ya je ya kwanta da hankalinsa, garemaninsa ba za su ga Gummi ba. Na faɗa da ƙarfi, kamar mai tankar mai a bayan gida.

Bayan 'yan kwanaki Dauda ya dawo daga wata tafiya da wani abu a leda. Kafireta ce, wato abin da ke haɗa wa inji mai da iska, amma da wani faifan ƙarfe a gefenta mai ɗan maɓalli a tsakiya, da bakin da ake sa tiyo. Ya ce wannan in an ɗaura wa inji sai ya sha gas ɗin girki, kuma babu dokar da ta hana cika tukunyar gas, ga mai cikawa nan bakin tasha yana hamma. Na ce Gwaggo ta tsufa da canza abinci. Ya ce ni ma na tsufa amma ya ga ina shan taliyar yara.

Saura tukunya. A duk unguwarmu tukunyar gas ɗaya na sani, tana ɗakin matata, Inna Kulu. 'Yarmu Hadiza da ke aure a Gusau ce ta kawo mata, cike, don ta huta da hayaƙi. Inna Kulu ta yi godiya, ta sa albarka, Hadiza na juya baya ta saƙa wa tukunyar riga da zaren ulu, ta ajiye ta a kusurwa ta jera tasoshi a kanta. Ko sau ɗaya ba ta kunna ba. A wurinta wannan bam ne da aka yi wa fenti, kuma tuwon da bai ji itace ba ba tuwo ba ne.

Na shiga na zauna, na fara da yabon kunun jiya. Ta ce in faɗi abin da nake so. Da na faɗa sai ta ce wato abin da take tsoro a cikin ɗaki mai sanyi shi zan kai cikin ranar bazara kusa da tartsatsi. Na kawo mata maganar Sarkin Noma da shanunsa. Ta sassauto, don ƙanwarta a ƙauyen take aure. Daga nan ta kafa sharaɗi.

"Malam, in ba ka ta, amma rana ba ta ganin jikinta. Ni ka naɗe ta da hannuna, kuma ba mai kwancewa."

Na yarda nan take, don ni ma ra'ayina ke nan. A ƙasarmu duk abin da kake so ya yi rai inuwa kake nema masa, akuya ce, randa ce, batir ne, tsoho ne. Wa zai ajiye tukunyar wuta a rana? Ta naɗe ta da tsohon bargo, ta ɗora buhun algarara, ta ɗaure da igiya, bakin kawai ta bari a waje. Sannan ta yayyafa wa buhun ruwa yadda ake yi wa jarkar ruwan sha don ta yi sanyi. Muka ajiye ta a gindin darbejiya. Duk wanda ya wuce sai ya ce an yi hankali.

Aikin da yaron nan ya ce ana gamawa kafin shayi ya huce, ga yadda yake. Ka rufe mai, ka tsiyaye abin da ya rage. Ka cire gidan iska, ka zare tsohuwar kafireta daga kan dogayen kusoshinta biyu, ka lura da ɗan siririn ƙarfen nan da sifirin ɗinsa da ke haɗa ta da gwamnan inji, wato abin da ke daidaita gudunsa, don in sifirin ya yi tsalle ya faɗa yashi sai ka tara unguwa. Namu ya yi tsalle. Takardar da ke tsakanin kafireta da inji ta yage, muka yanka wata daga kwalin shayi. Sabuwar ta shiga, amma faifan gefenta ya tokare ƙarfen jikin Gwaggo, sai da muka goge ƙarfen da zarto, da hannu, tunda mai walda ba shi da wutar da zai gyara injin waldarsa. Muka matse bakin filogi kaɗan, don gas ya fi fetur son wuta mai kauri. Muka ja tiyo mai tsawo daga gindin darbejiya, muka ɗaura ragileta a bakin tukunya, wato abin da ke rage ƙarfin gas kafin ya taho, kowane baki muka ɗaure shi da zoben ƙarfe. Sannan aka kaɗa ruwan sabulu aka shafa wa kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa, nan yake yoyo. Wanda ya gwada yoyon gas da ashana, ba zai samu damar ba da labari irin nawa ba.

Dauda ya danna maɓallin faifan, muka ji ɗan huci, na yi bisimilla na ja igiya. Gwaggo ta yi tari, ta yi shiru. Akwai wani noti a jikin faifan da ke ƙara gas ko ya rage, shi ake murɗawa kaɗan-kaɗan ana saurare. Dauda na murɗawa, ni ina ja, har kafaɗata ta fara neman sallama. Can sai ta kama. Ta yi rawa, ta yi gunaguni, ya ƙara murɗawa, sai muryarta ta daidaita. Babu hayaƙi, babu wari. Tunda na saye ta ban taɓa jin ta da murya irin ta amare ba sai ranar.

Na jawo garma ta farko, na yanko sabon baki daga sifirin mota, na kafa, na dangwala tsinke. Ƙosai sak. Na gama ta, na taka da ƙafa irin na Mamman Dogo, ko gezau. Dauda ya ce daga yau in riƙa durƙusawa in zan gaishe shi. Na kama ta biyu. Ina tsakiyar hannunta sai na ji suyar ta fara rauni, tsinke ya fara liƙewa, Gwaggo ta yi tari irin na da, ta shaƙe, ta mutu.

Muka ce gas ya ƙare. Muka jijjiga tukunya cikin bargonta, muka ji abu na motsi a ciki, da nauyinta. Muka zauna muna zargin juna. Bayan an jima na ja igiya don haushi, sai ta tashi lafiya lau. Na yi ɗan aiki, ta sake mutuwa.

Haka muka kwashe kwanaki. Da safe ta tashi da fara'a, ta yi garma ɗaya ko ɗaya da rabi, ta kwanta. In ta huta ta ɗan ƙara, kowane tashi ya fi na baya gajarta. Na ce kafiretar Dauda ce, an sayar masa da ta wasan yara don an ga fuskarsa. Ya ce Gwaggo ce ta tsufa kamar mai ita. Muka kwance kafiretar nan muka mayar har na iya yi ido rufe. Muka canza filogi, muka hura tiyo, muka aro wata ragileta. Da duk wannan bai yi ba sai shawara ta tsaya a kan cewa zafi ne ke damun tukunya, tunda da safe tana aiki, in rana ta ɗaga ta ƙi. Inna Kulu ta ce ai ta faɗa. Ta aiko da bargo na biyu. Na ƙara buhu. Dauda da kansa ya kawo tsohon kwat ɗinsa na zuwa coci ya lulluɓa a sama. Tukunyar nan ta koma kamar wani attajiri zaune a gindin bishiya, har masu wucewa na yi mata sallama. Kuma kullum abin ƙara lalacewa yake.

Garemanin da na gama ba su kai rabin rabi ba ranar da gabas ta yi baƙi. Bayan azahar ne, iska ta tsaya cik, zafi kamar a cikin tanda, bakin kowa ya bushe. Gwaggo ta mutu ke nan a karo na ban san adadi ba, sai ga Sarkin Noma da amalanke da bijimai biyu. Ya yi sallama, ya dubi tarin, ya dubi sama. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi.

"Malam Ummaru, ka yi iyakar yinka. Bari mu ɗora. Gobe da sassahe mu kama hanyar Gummi, Allah shi tsare."

Ya fara ɗora garemani a amalanke ɗaya bayan ɗaya. Bijiman nan farare, ƙosassu, irin waɗanda ake hangowa daga nesa. Na kama taya shi ɗorawa.

Labari ya kai cikin gida. Sai ga Inna Kulu da hijabinta, ba ta kalli kowa ba, ta nufi gindin darbejiya. Ta ce tunda abin bai yi ba a ba ta kayanta, bargunanta sun sha ƙasa a banza. Ta rufe bakin tukunya, ta yar da kwat ɗin Dauda, ta kwance igiya, ta zare buhu, ta yaye bargo na sama, ta yaye na ƙasa. Sai ta janye hannu da sauri.

Tun ranar da aka naɗe tukunyar nan ba wanda ya ga fatarta. Daga cikinta zuwa gindi ta yi fari fat, kamar an barbaɗa mata gishiri, wani ɗan tururi na tashi a jikinta. Ƙanƙara ce. A Bukkuyum, a bazara, da azumi, lokacin da mutum zai bi gari kaf yana neman ƙanƙarar buɗa baki bai samu ba.

Ni da Dauda muka matso muna kallo. Inna Kulu ta sake kai hannu, a hankali wannan karon, ta shafa, ta kai tafin ga kumatunta. Na ga fuskarta ta canza, irin canzawar da take yi in ta ga atamfa mai araha.

"Dauda, shiga gida ka ɗauko min bahon wanki. Da gorunan zoɓon da ke bakin randa."

Na ce mata nan wurin sana'a ne, kuma muna cikin jimami. Ta ce tukunya tata ce. Aka kawo baho, ta sa Dauda ya ɗaga tukunyar ya tsayar a ciki, ta zuba ruwan rijiya har ƙugunta, ta jera gorunan zoɓo kewaye. Ƙanƙarar ta narke nan da nan, ruwan ya ɗan yi sanyi, daga nan ya tsaya. Ta sa yatsa ta ji, ta tambayi me ke kawo sanyin. Dauda ya ce shi dai ya ga alama in inji na ja ne take yin haka.

"To ku tada ta mana. Mi kuke jira, magariba?"

Dauda ya buɗe gas ya ja igiya, yana cewa shi yanzu an mai da shi yaron mai ƙanƙara. Gwaggo ta tashi. Inna Kulu ta ce sanyin bai taho da sauri ba. Na ce inji in ba ya aiki ba ya shan gas sosai. Ta ce to in ba shi aiki, ko zaman me nake yi. Don a zauna lafiya na roƙi Sarkin Noma ya ara mini garma ɗaya daga kan amalanke, na ce kafin ya gama ɗaure sauran za ta mutu in mayar masa.

Na dangwala. Ƙosai. Na gama bakin, na koma hannu, kunnena na jiran tarin nan. Na gama garmar ɗungum, Gwaggo na ta waƙarta. Ban ɗaga gilashi ba na miƙa hannu, aka sa mini wata a gaba. Na gama ta. Da na ɗago don in canza tsinke sai na ga Sarkin Noma ya kwance igiyar da ya ɗaure, yana sauke garemani ɗaya bayan ɗaya, yadda ya ɗora su.

Wajen la'asar muryar Gwaggo ta fara rawa. Daidai lokacin Inna Kulu ta sa hannu a baho ta ce ruwan ya yi yadda take so, ta kwashe gorunanta, ta sa aka zubar aka zuba sabo daga rijiya, ta jera na kunun tsamiya. Ruwan na shiga Gwaggo ta washe. A nan ne ni da Dauda muka dubi juna. Ashe abin da ke cikin tukunyar ruwa-ruwa ne, sai ya samu ɗumi daga waje yake tashi ya zama iskar da inji ke sha. In ana jansa da ƙarfi sai tukunya ta yi ta sanyi har ya kasa tashi. Mu kuwa muka bi ta da barguna muka hana ɗumin duniya isa gare ta, muka ƙara da jiƙaƙƙen buhu. Baiwar Allah tana rawar ɗari muna yi mata fifita. Dauda ya ce shi da ma ya yi wannan tunanin. Na tambaye shi kwat ɗin wa aka yar a ƙasa.

Da aka kira magariba muka buɗa baki a rumfa da zoɓo mai sanyin da ke riƙe haƙori. Sarkin Noma ya kurɓa, ya rufe ido, ya ce shi tun farkon azumi bai sha irinsa ba. Dauda da bai yi azumi ba shi ya fi kowa sha, wai ladan tsotso. Sarkin Noma ya kwana a garin, washegari muka ci gaba da aiki tun da sanyin safiya, Inna Kulu na kan kujera 'yar tsugunne kusa da baho tana ba da umarnin canjin ruwa, matan unguwa na aiko da gorunansu ana bin layi. Kafin rana ta faɗi na taka garma ta ƙarshe da ƙafa. Amalanke ya juya gabas, bijimai na tafe suna kaɗa wutsiya, hanyar Gummi na bayansu. An ce mini suna shiga ƙauye ruwa ya sauko, garemanin ma a jiƙe aka raba su.

Saboda haka ku masu waya, in za ku yi, ku ji daga bakin wanda ya ƙare aji uku da rabi. Tukunya a tsaye take zama, nesa da tartsatsi. Ruwan baho iyakarsa ƙugu, kada ya taɓa ragileta. Ruwan rijiya kawai, ba na zafi ba, kuma wanda ya ce zai ɗumama ta da wuta ku tashi daga kusa da shi, ku gaya wa danginsa. In kun gama aiki ku rufe bakin tukunya tukuna, inji ya shanye abin da ke tiyo ya mutu da kansa. Wanda ke da hali ya sayi babbar tukunya, ita ba ta cika yin wannan sanyin ba.

Ni ma daga baya na sayi babbar. Ranar da na kawo ta Inna Kulu ta zagaya ta, ta shafa, ta ji ɗumi, ta ce wannan ba ta da amfani. Yanzu yarjejeniyarmu ita ce wata goma sha ɗaya Gwaggo na shan babbar, in azumi ya kama a dawo da ƙaramar da bahonta, ko akwai aiki ko babu sai na nemo abin liƙewa. Akwai shekarar da na yanka ƙarfe da hannuna na sake haɗawa, don kawai kunu ya yi sanyi.

Da Hadiza ta zo ganin gida ta leƙa kusurwar ɗaki ba ta ga tukunya ba, sai rigar ulu a rataye. Ta yi murna, ta ce ashe dai Inna ta waye, ta fara amfani da gas. Inna Kulu ta ce ƙwarai kuwa, ba abin da ya kai shi. Hadiza ta ce to me ta fi dafawa da shi, shinkafa ko shayi?

Inna Kulu ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ruwan sanyi."